Babi na Shida: Kabewa da 'Ya'yanta a Ginin Ƙashi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ranar Juma'a ya san cunkoson Wudil. Tun kafin a kai gada mota take fara tafiyar hawainiya, domin ranar ce kasuwa take ci. A kan shanu kasuwar ta yi suna, don karar Wudil na cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Amma wanda ya kutsa ɓangaren 'yan gwari da kaka zai tarar da wani kaya da ba a cika yi masa talla ba. Kabewa ce jibge a ƙasa, wata doguwa mai wuya, wata kewayayya mai tsaga-tsaga, wata ɓawonta kore da ɗigo-ɗigon fari. Mai sayarwa yakan fasa guda ya jera yankunan a faranti saboda mai ƙaramin ƙarfi. Mai saye kuwa launin ciki yake dubawa, don an san idan ya yi ja sosai miya za ta yi kauri da garɗi.

Abin da ba a ciniki a kansa shi ne 'ya'yan. Uwargida takan sa wuƙa ta kankare su tare da zare-zaren ciki, manomi ya tsinci kaɗan ya ajiye na iri, sauran kaji su samu ko a watsa a bola. Ta fuskar lafiyar ƙashi kuwa, abin da aka zubar ɗin ya fi abin da aka sa a tukunya daraja. Sai dai shi ma yana da iyakarsa, kuma sanin iyakar ya zama dole ga mai son amfana da shi.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Yadda kabewa take yaɗo a gefen gonakin dawa da masara, take hawa danga da rufin ɗaki a ƙauyukanmu, sai a ɗauka nan ne asalinta. Duma da ake yin ƙwarya da shi ɗan Afirka ne, haka ma guna da ake samun agushi daga gare ta. Kabewa kuwa daga nahiyar Amurka ta fito. A wani kogo da ke jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko an tono 'ya'yan kabewar da mutane suka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce, tun kafin a fara noman masara. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 jiragen ruwan Turawa suka bazu da irinta zuwa sauran duniya. Danginta dai sun daɗe a tukunyar mutanen gabas. A Bukhari da Muslim akwai ruwayar Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa wani tela ya gayyaci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kawo romo mai ɗauke da wani ɗan wannan dangi, Anas ya ga Annabi yana bin gefen akushi yana tsintar sa.

Masana tarihin noma na ganin cewa saboda 'ya'yan aka fara noman kabewa, domin ta daji tsokarta ba ta da kauri, ga ɗaci. Har gobe mutanen Meziko suna soya su suna niƙawa a miya, manoman yankin Styria na ƙasar Ostiriya kuma suna tatsar mai daga gare su. Mu da muka saba daka agushi da gyaɗa a miya, ba mu da dalilin ƙyamar 'ya'yan kabewa in ba rashin sabo ba.

Ƙashi abu ne mai rai

Ƙashin da muka saba gani shi ne wanda ya rage bayan an cinye nama, shi ya sa ake ɗaukar sa busasshen abu. Na jikin mai rai jini na gudana a cikinsa, kuma dare da rana ƙwayoyin halitta iri biyu na aiki a kansa, wasu na rushe tsoho, wasu na cike gurbin da sabo. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma a kowace shekara ana sabunta kusan ɗaya bisa goma na nauyinsu.

Aikin ya yi kama da ginin bulo. Wani furotin mai suna kolajin shi ne rodi, shi yake hana ƙashi tsinkewa idan ya ɗan lanƙwasa. Kalsiyam da fosfaras su ne siminti da yashi, su suke ba shi tauri. Magnesiyam da zink da bitamin iri-iri su ne magina da leburori. Ga kaya jibge babu magini, gini ba ya tashi. Ga magini babu siminti, haka nan.

Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora. Ɗan ragowar da ke yawo a jini shi zuciya da tsoka da jijiyoyi suke aiki da shi, kuma jiki ba ya yarda ya yi ƙasa. Idan abinci bai kawo ba, sai ya kwaso daga ƙashi. Daga ƙuruciya zuwa kusan shekara 30 ginin ya fi rushewar yawa, a nan ne mutum yake tara ƙarfin ƙashin da zai rayu da shi. Tun ran gini ran zane. Bayan haka sai a fara cin ajiya sannu a hankali, kuma ga mata abin yakan yi sauri idan al'ada ta ɗauke, saboda raguwar sinadarin istirojin da ke taka wa rushewar birki. Wannan ita ce zaizayewar ƙashi. Ba ta da zafi, ba ta da zazzaɓi. Sai dai a ga tsohuwa tana ranƙwafawa tana raguwa a tsawo, ko ta zame a bakin rijiya ƙugu ya karye. Gidauniyar duniya mai kula da wannan cuta ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar, daga waɗanda suka haura shekara 50, za su gamu da irin wannan karaya.

Abin da ke cikin 'ya'yan

Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta auna busassun 'ya'yan kabewa da aka ɓare. A giram 100 akwai furotin kusan giram 30, mai giram 49, magnesiyam miligiram 592, fosfaras sama da miligiram 1,200, zink kusan miligiram 8. Gyaɗa, wadda ita ma ba baya ba ce, magnesiyam ɗinta miligiram 168 ne a giram 100, wato 'ya'yan kabewa sun ninka ta fiye da sau uku.

Ba wanda zai zauna ya cinye giram 100 a kullum. Cikin tafin hannu ɗaya, kimanin giram 28 na soyayyu, yana ba da magnesiyam miligiram 156. Mace baliga tana bukatar 310 zuwa 320 a rana, namiji 400 zuwa 420. Ke nan tafi ɗaya ya biya wa mace kusan rabin bukatarta, namiji kuma fiye da sulusi. Abinci kaɗan ne yake yin haka.

Jikin baligi yana ɗauke da magnesiyam kusan giram 25, fiye da rabinsa a cikin ƙashi. Bitamin D da fata take samarwa idan rana ta taɓa ta ba ya aiki sai hanta da ƙoda sun sarrafa shi, kuma wannan sarrafawa tana bukatar magnesiyam. Shi kuma bitamin D shi yake sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Haka nan ƙananan halittun da ke maƙogwaro masu daidaita kalsiyam a jini ba sa aiki daidai idan magnesiyam ya yi ƙaranci ƙwarai. Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya bi mata fiye da 73,000 da al'adarsu ta ɗauke a Amurka, ya samu cewa masu samun magnesiyam da yawa ƙashin ƙugunsu ya fi kauri. Amma binciken bai ga raguwar karaya a cikinsu ba. Wannan ya isa ya nuna cewa magnesiyam mataimaki ne, ba shi kaɗai yake riƙe da ƙashi ba.

Zink kuma ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi ne suke bukatarsa, shi ya sa rashinsa ya fi bayyana a jikin yara. A 1961 wani likita ɗan asalin Indiya, Ananda Prasad, ya ba da rahoton wasu samari a Iran da suka kai shekara 20 amma jikinsu na yara. Abincinsu kusan gurasa ce zalla. Binciken da ya ci gaba da yi a Masar ya tabbatar cewa ƙarancin zink ne ya tsumburar da irinsu, da aka ba su kuwa suka miƙe. Nama da hanta da kifi suna cikin abincin da ya fi ba da zink mai shiga jiki, amma a gidan da nama sai Sallah ko suna, tafin 'ya'yan kabewa da ke ba da fiye da miligiram 2 ba abin rainawa ba ne, tun da mace 8 take bukata a rana, namiji 11.

Tsoka da ganye

Tsokar kabewa fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ce, shi ya sa ba ta sa ƙiba. Jan launinta daga sinadarin bita-karotin yake, wanda jiki yake mayarwa bitamin A, mai amfani ga ido da garkuwar jiki da girman ƙashin yaro. Tana da fotasiyam kusan miligiram 340 a giram 100, da ɗan bitamin C da ake bukata wajen haɗa kolajin. Bita-karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. A nan iyayenmu mata sun riga masana, don miyan taushe ba ta cika sai da gyaɗa da ɗan mai. Ɗanyen ganyen kabewa ma ana ci. A Zambiya da Malawi da Zimbabuwe miyarsa abincin yau da kullum ce, sukan zare ƙaiƙayin jikin karan su dafa shi da dakakkiyar gyaɗa.

Abin da kabewa ba ta da shi

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A waya da bakin masu tallar magani a lasifika ana jin cewa kabewa na cike da kalsiyam, har tana ɗora karaya. Awo bai nuna haka ba. Giram 100 na 'ya'yan kalsiyam miligiram 46 kawai gare shi, na tsokar kuma kusan 21. Baligi yana bukatar kimanin miligiram 1,000 a rana. Wanda ya ce daga 'ya'yan kabewa zai samu, sai ya ci fiye da kilo 2 kullum.

Kalsiyam kuwa shi ne ainihin abin da yaranmu suka rasa. A ƙasashen sanyi, idan ƙafafun yaro suka yi baka ko gwame, wuyan hannunsa ya kumbura, rashin rana ake zargi. To mu da rana take dukanmu shekara zagaye, me ya kawo mana? Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun amsa wannan a binciken da suka wallafa a 1999. Sun ɗauki yara 123 masu wannan lalura, suka tarar abin da suke samu na kalsiyam a rana kusan miligiram 200 ne kacal. Suka raba su uku na tsawon mako 24. Cikin waɗanda aka ba kalsiyam, kashi 61 cikin 100 suka kai ma'aunin warkewa. Waɗanda aka haɗa wa kalsiyam da bitamin D, kashi 58. Waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kashi 19. Tuwo da kunu na cika ciki, amma hatsi ba shi da kalsiyam na a zo a gani, kuma yana ɗauke da sinadarin faitet da ke riƙe ɗan wanda ya samu ya hana shi shiga jini.

A 2015 waɗannan likitoci suka sake wallafa wani gwaji, inda suka kwatanta garin farar ƙasa da garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa. Dukansu sun warkar da yara. Wannan labari ne da ya kamata mutumin Wudil ya ji da kyau. Kogin da ya ratsa garin, wanda Kogin Kano da na Challawa suka haɗu suka haifar kafin ya wuce Haɗeja, shi yake ciyar da masunta, kuma matafiyi ba ya rasa soyayyen kifi a bakin gada. Ƙananan da ake taunewa da ƙaya, waɗanda suka fi araha, su suka fi amfanar ƙashi. Ga matan Fulani da ƙoren nono, wanda kowane giram 100 nasa yake da kalsiyam kusan miligiram 120. Ga kuka da zogale da alayyahu, ga riɗin da ba a surfe ba. Kayan ginin ƙashi gaba ɗaya suna cikin kasuwa guda. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kwano ɗaya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga wuƙa zuwa turmi

Idan an fasa kabewa, a kwashe cikin a zuba a roba da ruwa, a murza da hannu. Zare-zaren zai rabu, 'ya'yan su fito da santsi. A tsince masu ƙwari, waɗanda idan an danna da yatsa ake jin cikarsu, a bar shafaffun. A ɗauraye, a baza a faifai ko tire a rana, a rufe da rariya saboda ƙuda da kaji, ana juyawa har sai ɗaya ya karye ƙas idan an lanƙwasa shi. Wanda ya jiƙa su kwana guda kafin shanya ya rage musu faitet.

Sai a ɗora kasko a wuta mai sauƙi ba tare da mai ba, a zuba ana juyawa. Za a ji suna ƙara tas-tas, suna kumbura, ƙamshi mai kama da na gyaɗa yana tashi. Da sun fara sauya launi a sauke, don idan suka ƙone ɗaci suke yi. Mai haƙuri ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya yadda ake ɓarar agushi. Mai sauri ya daka su da ɓawonsu a turmi ya tankaɗe, sai dai ya sani cewa ma'aunin da muka kawo na ɓararru ne, masu ɓawo magnesiyam ɗinsu kusan rabin haka ne.

Garin yana shiga wurare da yawa. A taushe ana iya raba gyaɗar miya biyu a cike rabin da shi. Ana barbaɗa cokali guda a kunun yaron da ya wuce wata shida, ko a haɗa da ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ko a zuba a yajin ɗanwake. Saboda maiƙonsa ba ya jure ajiya, gara a riƙa daka na mako guda, sauran a bar su a kwalba mai murfi inda babu laima. Duk wanda ya yi hunhuna ko wari a zubar, kada a ba ko kaji, domin hunhunar hatsi da gyaɗa da irinsu tana iya haifar da guba mai lalata hanta.

Tukunyar taushen da aka sa wa kabewa da garin 'ya'yanta, alayyahu da yakuwa, da dakakken busasshen kifi, aka ci da waina ko tuwon shinkafa, aka bi da kofin nono, ta haɗa kusan duk abin da ƙashi yake nema.

Hattara

Kada a ba yaro ƙarami 'ya'yan kabewa guda-guda, suna iya shaƙe shi, sai dai gari. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna, domin ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da fotasiyam da fosfaras da magnesiyam, taruwarsu kuma haɗari ce. Mai son rage ƙiba ya tsaya a tafi ɗaya, don rabin nauyinsu mai ne. A kuma sassauta gishiri wajen suya, saboda yawansa yana ƙara fitar da kalsiyam ta fitsari, ban da hawan jini.

Abinci kuma ba ya aiki shi kaɗai. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi, ta tafiya a ƙasa, noma, daka, guje-gujen yara. Matar da take wuni a ɗaki ta riƙa fitowa tsakar gida rana ta taɓa hannuwanta da ƙafafunta, haka ma jariri da tsohon da ba ya fita. Taba sigari tana cin ƙashi. Haka magungunan da ake kira sitiroyid, waɗanda wasu 'yan mata suke sha don su yi ƙiba, wasu tsofaffi kuma suke saye a kemis saboda abin da suke kira sanyin ƙashi, shan su na dogon lokaci yana cikin manyan abubuwan da ke zaizaye ƙashi.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Wudil, wadda aka kafa a 2001 kuma yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana da tsangayar aikin gona. Ɗalibanta za su yi wa jama'a babban aiki idan suka auna ire-iren kabewar da ake nomawa a yankin, suka ware wa manoma masu yawan 'ya'ya da sauƙin ɓara, suka koya wa ƙungiyoyin mata sarrafa garin ya zama sana'a.

Ku kuma iyaye, ku fara da 'yan mata da samari masu tasowa, don su ne suke cikin shekarun tarawa, bukatarsu ta kalsiyam ma ta fi ta manya, tana kai miligiram 1,300 a rana. Ku ba su 'ya'yan kabewa, ku haɗa musu da nono da ƙananan kifi da miyar kuka. Idan kuka ga ƙafar yaro tana lanƙwashewa bayan ya shekara biyu, kada ku ce gado ne ko zai miƙe da kansa. Idan tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, kada ku tsaya shafa mai da jiƙe-jiƙe. Ku kai su asibiti a ɗauki hoto, in abin ya fi ƙarfin na kusa ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kabewa rigakafi ce, kuma rigakafi ya fi magani, amma idan cuta ta riga ta shigo magani ake nema.